Ƙawata tana ɗinka mini bargon haɗi kyauta, da me zan saka mata?

Tambaya: Ina da ƙawa mai ɗinkin bargon haɗi, irin wanda ake yanka ƙyallaye ƙanana a harhaɗa su, a sa auduga a tsakiya, a bi da ɗinki. Ta yi mini biyu, ɗaya na babban gado, yanzu kuma tana kan na jaririn da nake jira. Duk lokacin da na ɗauko maganar kuɗi sai ta ce in bari. Nauyinta ya fara kama ni. Me zan yi mata wanda zai yi amfani, ba tare da na ɓata mata rai ba?

Amsa: 'Yar'uwa, kafin ki fita neman abin da za ki saya mata, raba wannan kyautar gida biyu, domin abu biyu ta ba ki a ƙunshi ɗaya. Akwai kuɗin da ta ciro daga jakarta ta sayi kaya, akwai kuma kwanakin da ta kwashe a gaban keken ɗinki. Na farkon ana iya mayar da shi daidai wa daida, kuma ya kamata a mayar. Na biyun ba ya biyuwa da kuɗi tsakanin ƙawaye. Masu wannan ɗinki idan sun ce "haba, bar shi", galibi na biyun suke nufi. Kunya ce take hana su ambaton na farkon.

Bari ki ga abin da ke cikin bargon da kike rufa da shi. Hawa uku ne: fuskar da aka harhaɗa, audugar ciki, da shafin baya, sannan bakin da ake naɗe gefunan da shi. Ɗauki na babban gado mai faɗin inci 90 da tsawon inci 100. Yadin audugar da ake wannan aiki da shi faɗinsa inci 42 zuwa 44 ne. Fuskar kaɗai tana cin yadi 8 zuwa 10, gwargwadon ƙanƙantar ƙyallayen, domin kowane gefen kowane ƙyalle yana rasa kwatar inci a cikin ɗinki, kuma iya yawan gutsattsarin iya yawan abin da ke ɓacewa. Shafin baya yana cin yadi 8 da ɗoriya idan na faɗin yau da kullum ne aka jona, ko yadi 3 idan an samu mai faɗin inci 108. Baki kuwa ana lissafa shi ne da kewayen bargon: inci 380, a ƙara kamar 12 na kusurwoyi da haɗewa, a raba da 40 (faɗin yadin da ake iya amfani da shi bayan an cire gefunansa), ya ba da tsiri 10 masu faɗin inci biyu da rabi, wato kashi uku cikin huɗu na yadi. Kin ga an doshi yadi 17 zuwa 19 tun ba a zo kan auduga da zare ba. Ki je inda ake sayar da irin yadin, ki tambayi kuɗin yadi ɗaya, ki ninka. Mutane da yawa a nan jikinsu yake yin sanyi.

Aikin hannun kuma ga shi a ƙirge. Ko da zane mafi sauƙi ne, murabba'ai masu inci 5 a jere (inci 4 da rabi bayan ɗinki), bargon yana buƙatar guda 440, sahu 22 kowanne da guda 20. Kowane sai an yanka shi daidai, an ɗinka, an goge ɗinkin ya kwanta gefe guda. Kafin a bi hawa ukun da ɗinki sai an shimfiɗa su an kama da fil a tazarar kamar faɗin dunƙulen hannu, inci 4, fil sama da 500 ke nan, kuma sau da yawa a durƙushe a ƙasa ake sa su. Idan ta kalmashe bakin da hannu, ɗinki huɗu a kowane inci, ta soka allura sama da sau 1,500 a wannan matakin kaɗai. Awa 30 ba abin mamaki ba ne a bargo irin wannan, mai zane mai wuya ya ninka haka, wanda aka bi da ɗinkin hannu kuwa watanni yake ci.

Shi ya sa ɗan abin da aka dunƙule aka tura wa mutum da sunan "ga na hannunki" yake yin ciwo fiye da a ce ba a ba da komai ba. Muddin kyauta ce, darajarta ba ta da iyaka. Da zarar kin kira kuɗi kaɗan lada, kin yanka wa aikin farashi, kuma idan ta raba shi da awannin da ta yi sai ta ga kin mai da ita 'yar ƙwadago mai araha. Saboda haka idan za ki ba da kuɗi, ki raɗa masa suna. Ki ce mata, "Ƙawata, wannan na yadi ne da auduga da zare. Hannunki ba zan iya biya ba, ban ma gwada ba." Da wuya a ƙi karɓar kuɗin da aka ce na kaya ne, domin ba ya taɓa kyautar. Abin da ya fi wannan ma shi ne ki riga ta: kafin a fara sabon aiki ku tafi sayen kayan tare, ita ta zaɓa, ke ki biya a gaban kanta, kuma ki sa a ƙara rabin yadi a kan kowane launi. Ragowar tata ce. A wurin mai bargon haɗi ragowar ƙyalle jari ne.

Kada ki je ki sayo mata yadi ke kaɗai don ya burge ki a ido. Wannan ita ce kyautar da ta fi yawa, kuma ita ta fi ƙarewa a ƙasan akwati. Yadin wannan aiki auduga ce zalla mai matsakaicin kauri da saƙa matsattsiya. Wanda aka gauraya da roba yana zamewa a ƙarƙashin ƙafar keke, ba ya riƙe karin guga, kuma dutsen guga mai zafin da auduga take so yana iya ƙona shi ko ya sa shi sheƙi. Idan aka haɗa yadi mai tsukewa a ruwa da wanda ba ya tsukewa, wankin farko zai tattare bargon ta wani gefe ya bar wani. Mai araha kuma sau da yawa sitaci ne ya cika shi, ana wankewa sai ya koma kamar rariya, ja da shuɗi mai duhu su zuba a kan farin da ke kusa da su. Bayan wannan duka, kowace mai ɗinki tana da launukan da idonta ya saba da su. Idan lallai yadi kike so ki ba ta, sayi marar zane, fari ko ruwan madara ko ruwan toka, daga irin wanda kika ga tana amfani da shi, yadi 3 ko fiye a haɗe ba a yayyanka ba. Wannan ba ya kwantai. In kuwa shagon da take sayayya yana da katin kyauta, wato katin da za ki biya kuɗinsa ita ta je ta zaɓi kaya da shi, shi ya fi komai sauƙi.

Abin da masu sana'ar suke murna da shi da gaske ba shi da kyan gani: kayan da suke ƙarewa. Na farko reza. Yawancinsu ba da almakashi suke yanka ba, da wata reza ce mai zagayayyen baki kamar taya, wadda kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, ana gangara ta a jikin rula a kan faifan yanka. Bakin da aka fi amfani da shi mai milimita 45 ne, akwai kuma 28 da 60, kuma ba sa shiga gurbin juna. Idan kin taɓa zama kusa da ita tana yanka, kika ga ta ɗaga tsiri ya maƙale da zare ɗaya a nan, ɗaya a can, kusan kowane inci biyar da rabi, to bakin ya yi ɗan tsagu, kuma duk zagayen da ya yi sai ya tsallake wurin. Tana sane. Tana jan sa ne saboda sabo yana da tsada. Fakitin bakin reza biyar ko goma kyauta ce da za ta tuna da ke duk ranar da ta canza.

Allurar keke ma haka. Ƙa'ida ita ce a canza ta bayan kamar awa 8 na ɗinki ko a farkon kowane sabon aiki, amma kaɗan ne suke bi. Dakusasshiyar allura tana tsallake ɗinki, tana tsinka zare, kuma za ki ji tana wani ƙwas-ƙwas idan ta shiga ƙyalle. Lamba 80/12 ta haɗa ƙyallaye ce, 90/14 ta bin hawa uku. Zare kuma na auduga mai lamba 50, babban ƙunshi, ruwan toka ko ruwan ƙasa mai haske, domin waɗannan suna ɓacewa a cikin kusan kowane launi. Sai dai ki kiyaye: allurar keken gida gindinta a shafe yake ta gefe ɗaya, ta keken masana'anta zagayayye ne, kuma bobin (ɗan abin da ake naɗa zaren ƙasa a jikinsa) na wani keke ba lallai ya zauna a wani ba ko da sun yi kama a ido. Bobin da bai dace ba yana hargitsa zaren ƙasa ya yi ta curewa. Kada ki yi kirdado. Ɗauki hoton fakitin da ke kan teburinta da sunan keken, ki nuna wa mai shago. Faifan yankan ma ki duba shi: idan tsakiyarsa ta yi kwari-kwari ta cika da burbushin zare, ya gama aiki, kuma yana cinye bakin reza. Sabo mai inci 24 da 36 shi ne girman da ya fi amfani, a ɗauko shi a shimfiɗe, kada a naɗe shi ko a bar shi a mota cikin rana, domin idan zafi ya lanƙwasa shi ba ya komawa daidai.

Idan kina da hali fiye da haka, biya mata sabis ɗin keke. Auduga tana zubar da ƙura mai laushi da take taruwa a ƙarƙashin farantin allura har ta danƙare kamar ƙyalle, ta shanye mai, ta hana haƙoran jan ƙyalle aiki sosai. Keken da ake wahalar da shi yana son ganin mai gyara kamar sau ɗaya a shekara. Amma wurin mai gyaranta za a kai, ba naki ba, kuma a lokacin da ta zaɓa. Raba mai ɗinki da kekenta tana tsakiyar aiki ba alheri ba ne. Fitila mai haske fari da ake iya lanƙwasa wuyanta, ko kujera mai tallafar baya, su ma suna cikin abubuwan da mutum ba ya saya wa kansa sai bayan ido da ƙugu sun fara ƙorafi.

Yanzu ga ɓangaren da ba ya biyuwa da kuɗi. Lokaci ta ba ki, da lokaci ake rama shi. Zumunci a ƙafa yake, a nan kuwa har da gwiwa. Ranar da za ta kama hawa ukun da fil, ki je. Aikin mutum biyu ne da take yi ita kaɗai: a shimfiɗa shafin fuskarsa ƙasa, a ja shi ya miƙe ba tare da ya ɗame ba, a manne gefunansa, a ɗora auduga, a ɗora fuska, a yi ta shafawa daga tsakiya zuwa gefe. Idan shafin ya yi sako-sako, ɗinki zai kama ninki a baya, idan an ɗame shi da yawa kuma, ana sakinsa sai fuskar ta kumbura. Da hannu huɗu aikin yana raguwa sosai. Kina iya karɓar farke ɗinkin da ya karkace, da tsince zaren da ke reto a bayan fuska (duhun zare yana nunawa ta cikin farin ƙyalle idan aka bar shi), da cika mata bobin goma a jere. Kalmashe baki da hannu ma ana koyonsa a zama ɗaya, kuma shi ne aikin da ya fi daɗin yi ana hira.

Abu biyu kada ki taɓa sai ta koya miki. Yanka shi ne na farko. Kuskuren kashi ɗaya cikin takwas na inci ba ya ganuwa a ƙyalle ɗaya, amma a sahu mai ƙyalle 20 ya zama inci biyu da rabi, kuma kusurwoyi ba za su sake haɗuwa ba. Na biyu guga. Ba irin gugar riga ba ce da ake ja da baya da gaba: ɗora dutsen ake yi, a danna, a ɗaga. Jan dutse a kan ƙyallen da aka yanka a karkace yana miƙar da shi, murabba'i ya koma wani abu dabam. Almakashinta na yadi kuwa, ko takarda ɗaya kada ki yanka da shi. An ɓata da mutane a kan abin da bai kai wannan ba.

Idan ɗinki ba ya cikin jininki, ki biya ta da naki hannun. Riƙe mata yara na yini guda, kai ta unguwa, gyara mata waya ko kwamfuta, ɗaukar hotunan bargunanta da kyau idan kin iya hoto, duk abin da zai ba ta awanni a gaban keke ba tare da an kira sunanta ba. Sai dai kada ki ce "in kina buƙatar wani abu ki faɗa mini". Wadda ta kasa karɓar kuɗin yadi ba za ta buɗe baki ta nemi wannan ba. Ki sa rana: "Asabar zan zo in ɗauki yaran tun safe."

Akwai wani yanayi dabam da ya kamata a ambata, ko da ba naki ba ne yanzu. Wani lokaci mutum shi yake haɗa fuskar da kansa, ya kai wa mai babban keken nan mai dogon hannu, wanda ake naɗa bargo a jikin sanduna, ta bi masa da ɗinki. Masu yin wannan a matsayin sana'a da murabba'in inci suke caji, wato bargon 90 da 100 murabba'i 9,000 ne a ninka da farashinsu, don haka sanin ƙimar abin da aka yafe miki ba shi da wuya. A nan babban tukuici shi ne ki kawo aiki a shirye. Shafi da auduga su fi fuskar da aƙalla inci 4 ta kowane gefe, domin maƙalan keken suna buƙatar wurin kamawa. Lura cewa audugar da ake sayarwa a ƙunshi mai inci 90 da 108 ba za ta ishi wannan bargon ba, sai ta gaba da ita. A yanke gezar kamfani, wato gefen yadin da ya zo a saƙe daga masaƙa, daga inda aka jona shafin, saboda saƙarta ta fi tsauri kuma tana jan ɗinkin. A goge komai, a bi gefen fuskar da ɗinki ɗaya kusa da baki don kada haɗin ya buɗe idan an ja. Kuma kada aikin kyauta ya tsallake layin masu biya.

Wannan ya kawo mu kan baki, naki ba na bargon ba. Idan tana karɓar aikin kuɗi, ki tura mata masu saye, amma kada ki ce musu kyauta ta yi miki, kuma kada ki faɗi farashi a madadinta. Idan ba ta karɓa, kada ki yi wa kowa alkawari da hannunta. "Ai ƙawata za ta yi miki" ita ce jimlar da ta fi kashe wa masu ɗinki sha'awar aikinsu. Haka nan tara tsofaffin riguna a buhu a kai mata da sunan gudummawa: sai ta wanke, ta farke, ta zaɓe, masu miƙewa kuma sai ta manna musu gam a baya kafin su ɗinku. Aiki kika kai mata. Tambaye ta tukuna.

Sauran biyan yana ga yadda kika riƙe bargon. Yaba kyauta tukuici, amma yabon da ya fi shiga ran mai bargo shi ne ta shigo ta gan shi a kan gado ana amfani da shi. Ɓoye shi a akwati don "ya yi kyau da yawa" ba girmamawa ba ce a wurinta, shimfiɗa shi a bayan mota ko a ƙarƙashin kayan gyara kuma cin fuska ne. Tambaye ta yadda za a wanke shi, domin ita ta san ko ta jiƙa yadin kafin ta yanka. In ba ta ce komai ba: ruwan sanyi, sabulu marar ƙarfi, babu bilic, kuma kada a bar shi a jiƙe a dunƙule, nan ne launi yake zuba ya zauna. Jiƙaƙƙen bargo yana da nauyi sosai, rataye shi ta gefe ɗaya yana tsinka ɗinki, gara a shimfiɗa shi a inuwa ko a raba nauyinsa a kan igiya biyu ko uku. Idan audugar ciki zalla ce zai ɗan tsuke, kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, ya yi ƙananan tamoji. Ba lalacewa ba ce, haka ake son sa. Wurin ajiya a sa shi cikin rigar matashi ta auduga, ba leda ba, domin leda tana riƙe danshi ta kawo fumfuna, kuma a riƙa sauya ninkin lokaci-lokaci kada karin ya zama tsaga. Idan ɗinki ya buɗe a wani wuri, ki gaya mata tun yana inci ɗaya.

Ki kuma roƙe ta abu guda da ba zai ci mata minti ashirin ba: ta ɗinka ɗan ƙyalle a kusurwar baya mai ɗauke da sunanta, da shekarar, da sunan wanda aka yi wa. Da yawa ba sa sawa sai an nema, don kada a ce suna yabon kansu.

Game da na jaririn da ke kan keke yanzu, lissafinsa ƙarami ne. Mai inci 36 da 48 yana cin kamar yadi 2 a fuska, ɗaya da rabi zuwa 2 a shafi, rabin yadi a baki, da audugar gadon jariri mai inci 45 da 60. Idan ba ta riga ta sayi shafi da auduga ba, ki ce ke za ki saya, ta faɗa miki irin da take so, ko ku tafi tare. Kada ki sa mata ranar gamawa, ko da haihuwar ta matso, yaro ba zai wuce bargon a wata uku ba. Idan ta ƙi karɓar ko sisi duk da haka, ki duba ko tana cikin masu ɗinka wa marayu ko marasa lafiya, ki sayo babban naɗin irin audugar da take amfani da ita ki ce na waɗancan bargunan ne. Roƙon bargo na huɗu kuma kada ya fito daga bakinki. Ki bari sai ranar da ita da kanta ta ɗago wani yadi ta ce ya yi kama da ke.